Ku Tambaya, Mu Amsa: Yadda Masu Zane ke Nuna Ciwon Yaro da Rasuwarsa

Wasiƙun wannan fitowa sun zo ne daga Zamfara da Kebbi, kuma duk sun karkata wuri guda: yaya mai zane zai nuna yaro marar lafiya, ko yaron da ya rasu, ba tare da ya ci zarafin yaron ko ya fama wa iyayensa ciwo ba? Malaman zane da ma'aikatan lafiyar yara da ke riƙe da wannan fili ne suka haɗu suka amsa.

Tambaya: Ni ɗaliba ce mai karatun koyar da zane a Gusau. An ba mu aiki mu bayyana alamomin da ke cikin zanen Edvard Munch na yarinya marar lafiya. Na duba na sake dubawa, ban ga komai ba sai yarinya a jingine da wata mata da ta sunkuyar da kai. Ina alamar take?

Amsa: 'Yar'uwa, abin da kika gani shi ne ke wurin. Abin da ya rage shi ne ki tambayi kowane abu dalilin zamansa a inda aka ajiye shi. Munch mutumin ƙasar Nowe ne, an haife shi a 1863. Tarin fuka, wato tibi, ya kashe mahaifiyarsa a 1868, sannan ya ɗauke yayarsa Sophie a 1877 tana da shekara 15. Ya fara wannan zane a 1885, ya gama a 1886, kuma ya yi ta maimaita shi da fentin mai har suka zama guda shida cikin kusan shekara arba'in. Na farkon yana gidan adana zane na ƙasa da ke Oslo.

Ki fara da matashin kai. Fari ne, ƙato, ya kewaye kan yarinyar, kuma launin fuskarta ya kusa zama ɗaya da nasa, har iyakar da ke tsakanin kumatu da matashi ta fara ɓacewa. Da wannan ya nuna jiki na ƙarewa, bai buƙaci zana ƙashi ba. Jan gashinta ne kaɗai abu mai zafi a wannan sashe, kuma masu nazari da yawa na ganin yana tuna jinin da mai tibi ke tofarwa. Matar da ke gefe tana cikin baƙaƙen kaya, ba a ganin fuskarta sam. Duk baƙin cikin yana cikin lanƙwasar wuyanta. Yarinyar kuwa ta ɗaga kai tana duban gefe, ta wuce matar da kallo. Mai ciwon ce a miƙe, mai lafiyar ce ta karye.

Sai hannuwa. Suna tsakiyar zanen, na yarinyar da na matar a haɗe, amma bai fitar da yatsu ba, ya bar su a dagule. Kwalbar magani tana can gefe guda, kofin gilashi a ɗaya gefen, duk an tura su bakin zane. A lokacin babu maganin tibi. Sai a shekarun 1940 aka samu na farko mai aiki. Magani ya koma gefe, riƙon hannu ya zauna a tsakiya.

Abu na ƙarshe ba ya fitowa a ƙaramin hoton waya sai kin buɗe shi sosai: fuskar zanen duk a kankare take. Yakan shafa fenti, ya kankare, ya sake shafawa, har layuka suka gangaro daga sama zuwa ƙasa. Da aka baje shi a 1886, masu suka sun ce aiki ne da ba a gama ba. Mu a ganinmu wannan kankara ita ce babbar alamar da ke ciki, domin haka abin da ido mai hawaye ya gani yake zama a ƙwaƙwalwa.

Zai ƙara wa aikinki nauyi ki kwatanta shi da zanen Luke Fildes na Ingila mai suna Likita, na 1891, wanda ke gidan zane na Tate a Landan. Shi ma ya rasa ɗansa a 1877. A nasa, an kwantar da yaro a kan kujeru biyu da aka haɗa, kujerun ma ba iri ɗaya ba, kin san gidan talaka ne ba sai an faɗa miki ba. Fitilar tebur na haska likitan da ya yi tagumi, uwa ta kifa kai a tebur, uba na tsaye ya dafa kafaɗarta, hasken asuba na shigowa ta taga. Haske biyu ne, na fitila na daren da aka kwana ana tsaro, na taga na fatan an tsallake.

Kuskuren da ɗalibai suka fi yi shi ne haddace ma'ana daga waje: fari tsarki, ja haɗari, baƙi mutuwa, sai a liƙa wa kowane zane. Kada ki yi haka. A kan kowace alama ki rubuta abin da ke wurin, da inda aka sa shi, da abin da zanen zai rasa in an cire shi.

Tambaya: Ni mai rubutun allon talla ne da zanen bango a Anka. Wasu matasa sun ba ni bango mai tsawon mita 5 da tsayin mita 2 a bakin kasuwa. Suna son zanen tunawa da yaran da gubar dalma ta kashe a 2010, kuma ya zama gargaɗi. Dattawa sun ce kada su ga gawar yaro. Yaya zan tsara shi, kuma wane fenti zan saya?

Amsa: Malam, dattawa sun yi gaskiya. Iyayen waɗannan yara suna nan da ransu, kuma ta gaban bangon nan za su riƙa wucewa ranar kasuwa. Aiki biyu aka ba ka, ta'aziyya da gargaɗi, kuma ba su son abu ɗaya. Ta'aziyya na son alama mai rufa asiri. Gargaɗi kuwa in ya rufe dalili ya zama banza. Don haka ka raba bangon, kada ka cusa su a mita ɗaya.

Ka riƙe gaskiyar abin da ya faru, domin zanen zai daɗe fiye da bayanin baki. A farkon 2010 ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ta lura yara na mutuwa da yawa a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, irin su Dareta, Abare, Sumke da 'Yargalma. Yara fiye da 400 suka rasu, akasarinsu ba su kai shekara biyar ba. Dutsen da ake haƙowa don zinari yana ɗauke da dalma mai yawa, ana kawo shi cikin gari ana daka shi, ana niƙa shi a bushe, ƙurar ta zauna a tsakar gida da ɗaki. Yaro mai rarrafe yana sa hannu a baki, kuma cikinsa na tsotse dalmar da ya haɗiya ninki huɗu zuwa biyar na abin da na babba ke tsotsewa. Sai amai, sai jijjiga, wani ya tafi, wani ya rayu da raunin ƙwaƙwalwa. Maganin gari shi ne kankare saman ƙasar gidaje da zubo sabuwa, aikin da bai kai Bagega ba sai 2013.

Matsalarka a zane ita ce ƙurar dalma ba ta da kamanni. Da ta zauna ta zama ƙasa. To ka ba ta launi guda, misali ɗigo-ɗigon toka mai duhu, kuma kada wannan launi ya fito a ko'ina cikin bangon sai inda guba take. Ka bi da shi daga buhun dutse zuwa injin niƙa, daga nan zuwa rigar magidanci, zuwa daɓen ɗaki, zuwa ƙoƙon kunu, zuwa tafin ɗan ƙaramin hannu. Wannan layi shi zai ja ido, domin mai karatun boko daga hagu yake farawa, mai ajami daga dama, wanda bai yi ko ɗaya ba kuma abin da ya fi girma yake fara kallo. Wannan sashe ya ci mita biyu.

Mita ɗaya ta tsakiya ita ce ta rashi. Da yawa za su ce ka zana majanyi a rataye a igiya. Ba zai yi aiki ba, mai wucewa zai ɗauka wanki ne aka shanya. Ka zana mace a zaune ta ba da baya, bayanta babu goyo, majanyin a naɗe a cinyarta, hannuwanta a kansa ba sa yin komai, ɗan takalmi a gefen tabarma. Duk macen da ta taɓa goyo za ta gane nan take. Da yake ta ba da baya, babu fuskar da za a ce ta wance ce. Ka kula kada layin gubar ya ƙare a hannun matar nan, don kada zanen ya zama nuna wa uwaye yatsa; talauci da rashin sani ne suka shigo da dutsen cikin gida.

Mita biyu na ƙarshe su nuna abin yi, a fili ba da alama ba: niƙa can bayan gari, ana jiƙa dutse da ruwa don kada ƙura ta tashi, ma'aikaci na wanka yana canja kaya kafin ya shiga gida, yaro a kan tabarma ana wanke masa hannu kafin abinci. A nan kada ɗigon toka ko ɗaya ya tsallako.

Yanzu fenti, kuma nan muke so ka natsu. Fentin mai, musamman rawaya da ja da ruwan goro, shi ne aka fi samun dalma a cikinsa. Abin kunya ne a yi gargaɗin dalma da fenti mai dalma a bangon da yara za su jingina. Ka sayi fentin ruwa na waje, wanda ake wanke burushinsa da ruwa, ka duba jikin gwangwani ko an rubuta babu dalma. Iyakar da hukumomin lafiya na duniya ke kira a tsaya a kai ita ce kashi 90 cikin miliyan. In bangon na da tsohon fenti mai sheƙi, kada ka goge shi a bushe da samfefa. Ka jiƙa shi, ka kankare, ka shimfiɗa leda ta tare ɓarɓashin, ka kawar da shi nesa da yara. In sabon filasta ne, ka ba shi mako huɗu ya bushe, in ba haka ba gishirin siminti zai ci launin ya fito da fari-fari.

Bangonka murabba'in mita 10 ne. Lita ɗaya na rufe kamar mita 8 zuwa 10 a shafe ɗaya in bangon sumul ne, ƙasa da haka in mai kaushi ne. Galan ɗaya mai lita 4 na farin fenti zai ishe ka shafe biyu na ƙasa, har da ragowar haɗa launi. Shafen farko ka sirka shi, kofi ɗaya na ruwa a kofi huɗu na fenti, don ya shiga bango. Sauran launuka rabin lita zuwa lita ɗaya kowanne ya isa. Ka fara zana komai a takarda mai santimita 50 da 20, ka ja mata gidaje na santimita 2. A bango ka buga gidaje na santimita 20 da zaren da aka shafa wa alli: gida 25 a tsawo, 10 a tsaye. Sai ka kwafa gida-gida.

Ka yi aiki da safe kafin rana ta buɗe, ko bayan la'asar. Bango mai zafi na busar da saman fenti kafin ƙasansa ya kama, shi ya sa yake ɓarewa. Lokaci mafi kyau shi ne bayan ɗaukewar ruwa kafin hazo ya yi ƙarfi, wajen Oktoba zuwa Nuwamba. In bangon gabas yake kallo, ka san zai sha dukan ruwan damina, ka ƙara shafe ɗaya. Rabin mita na ƙasa ka bar shi launi mai duhu babu zane, saboda fantsamar ruwa da gogar awaki. Ja ne ke fara koɗewa a rana, kada ka ɗora muhimmin saƙo a kansa. Haruffa, na boko da na ajami, su kai santimita 8 in kana so a karanta daga mita 10.

Kafin ka buɗe gwangwani, ka nuna takardar ga mutum goma, rabinsu mata, kada ka yi bayani, ka ce kawai "me kuka gani?" In bakwai ba su ambaci ƙura ba, ka sake tsari.

Tambaya: Ni malamin makaranta ne a Jega. Ashe addini bai hana zanen mai rai ba? In kuma an guje shi, me ya rage da za a nuna rasuwar yaro da shi?

Amsa: Allah gafarta Malam, fatawa ta malamai ce, a koma gare su. Abin da ke sananne shi ne Buhari da Muslim sun ruwaito cewa wani mai sana'ar yin siffofi ya zo wurin Abdullahi ɗan Abbas, ya gargaɗe shi, ya ce in ba makawa ya yi bishiyoyi da abin da ba shi da rai. Malaman Malikiyya kuma sun bambanta mutum-mutumi cikakke mai inuwa, wanda suka haramta, da zane a shimfiɗe a takarda ko bango, wanda hukuncinsa ya fi sauƙi a wurinsu. Wasu malaman sun tsananta fiye da haka.

Ko da an ɗauki mafi tsanani, abin da ya rage na da yawa, kuma sau da yawa ya fi ƙarfi. Sharaɗin alama shi ne mai kallo ya san abin tun a gidansu. A maƙabartun Turawa na ƙarni na 19 ana sassaƙa ɗan rago ko furen da bai buɗe ba ya karye a kan kabarin yaro. A nan ɗan rago layya ko suna zai tuna wa mutum. Abin da zai yi mana wannan aiki shi ne karan gero da ya karye bai fid da kai ba, a tsakanin 'yan'uwansa da suka yi zangarniya. Haka jerin takalma a ƙofar ɗaki, manya da ƙanana, da gurbi ɗaya a tsakiya: girman gurbin ne ke faɗin shekarun wanda ya tafi. Allo a jingine, rubutun bai kai ƙasa ba, tawada da alƙalami a gefe, yana nuna yaro ne da ya fara karatu. Sai dai kada a rubuta aya a kai, a bar shi da 'yan layuka, domin ba a san inda zanen zai ƙare ba.

Akwai masu nauyi da sai an yi hattara. Fasasshiyar tukunya da guntayen itace duk wanda ya taɓa zuwa jana'iza ya san da su ake rufe kabari, farin ƙyalle a naɗe kuma likkafani ne. Sun dace da zanen makoki da zai zauna a takarda, amma kada a kai su bangon asibiti, uwaye za su ɗauki wurin gidan mutuwa. Mujiya kuma a bar ta gaba ɗaya, tana jan hankali zuwa zargin maita, zargin da ya raba gidaje da yawa bayan rasuwar yaro. Alama ɗaya ko biyu sun isa zane guda.

Tambaya: Na ga 'yan gumakan itace na Yarbawa an ce na tagwaye ne. Me suke nufi, kuma mu Hausawa muna da irinsu? Daga mai karatu a Ƙaura Namoda.

Amsa: Sunansu ere ibeji. In ɗaya daga cikin tagwaye ya rasu, ana sassaƙa ɗan itace mai tsayin kamar santimita 20 zuwa 30 a madadinsa. Abin lura shi ne ba a sassaƙa shi da siffar jariri ko marar lafiya. Ana ba shi jikin babba mai ƙoshin lafiya, da kitso da tsagar dangi. Uwa na wanke shi, ta shafa masa majigi, ta sa wa kansa shuni, ta ɗaura masa duwatsu. Tsofaffin cikinsu fuskarsu ta suɗe saboda yawan shafa, kuma wannan suɗewa ta fi sassaƙar kanta faɗin abin da uwar ta ji. A Meziko kuma ana yi wa yaron da ya rasu ado da kambi da furanni a zana shi ko a ɗauki hotonsa. Frida Kahlo ta zana wani yaro ɗan shekara uku a haka a 1937, kwance a tabarmar kaba.

Mu ba a itace muka sa namu ba, a suna muka sa. Macen da 'ya'yanta ke mutuwa bi da bi ana ce tana wabi, sai a kira wanda ya biyo baya Ajuji, ko Ajefas, ko Ayashe, a nuna kamar ba a damu da shi ba, ko a ce Barmani, ana roƙo a fili. Yarbawa na cewa abiku, Ibo na cewa ogbanje. A nan ma'aikatan lafiyarmu suka sa baki: yawan mutuwar yara a ɗaki ɗaya na iya zama sikila. In uwa da uba duk AS ne, kowane ciki na da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS. Gidan da ake ce wa ana wabi su je gwajin jini.

Tambaya: Ba ni da kuɗin fenti. Gawayi zai iya ɗaukar irin wannan aiki? Daga wani matashi a Zuru.

Amsa: Ƙwarai kuwa, ɗan'uwa. Käthe Kollwitz ta Jamus, wadda mijinta likitan talakawa ne a Balin, ta yi mafi yawan aikinta da baƙi da fari. A 1903 ta yi hoton uwa ta naɗe jikinta a kan gawar ɗanta, fuskarta a nutse a ƙirjinsa. Uwar duhu ce mai nauyi, kan yaron kuwa 'yan layuka ne marasa ƙarfi. Ɗanta Peter ne ya kwanta mata ta zana, kuma shi aka kashe a yaƙi a 1914. Darasin shi ne mai rai ka danna hannu, wanda ya tafi ka sassauta.

Gawayin girki na karce takarda. Ka yanko tsinkayen itace masu kaurin fensir, ka ɓare bawon, su bushe, ka cika gwangwani mai murfi da su, ka huda murfin da ƙusa, ka sa a wuta kamar awa ɗaya har hayaƙin ramin ya tsaya. Kada ka buɗe sai ya huce, in iska ta shiga da zafi toka za ka tarar. Takarda mai ɗan kaushi ta fi riƙe shi. In ka gama, ka jiƙa ƙaro kaɗan a ruwa mai yawa, ka tace, ka fesa sama-sama daga nisan santimita 30, zanen a kwance.

Tambaya: Wata uku ke nan da zazzaɓi ya ɗauke mini ƙaramin ɗana. Yayansa mai shekara 7 kullum sai ya zana mu duka, ya sa marigayin can sama a lungun takarda, kuma da baƙin biro. Kakarsa ta ce a hana shi. Daga wata uwa a Yawuri.

Amsa: Baiwar Allah, Allah ya ba ku haƙuri, ya sa mai ceto ne. Kada a hana shi. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye a rasuwar ɗansa Ibrahim. Yaronki da biro yake zubar da nasa. A shekarunsa ne yara ke fara gane cewa wanda ya mutu ba ya dawowa, kuma yana neman inda zai ajiye ƙanensa a cikin iyali. Baƙin biro kada ya tsorata ki, wataƙila shi ne a hannunsa. Ki ba shi fensir masu launi ki ga abin da zai ɗauka. Kada ki fassara masa zanen. Ki zauna kusa ki ce "ba ni labarin wannan," ki saurara. A guji ce masa ƙanensa ya yi tafiya ko yana barci, yaro na iya zaman jira ko ya ji tsoron kwanciya. Ki faɗa masa a fili cewa ba laifinsa ba ne, domin yara kan ɗauka faɗan da suka yi ne ya jawo. Ki rubuta kwanan wata a bayan kowane zane ki adana. Ki lallashi kaka da cewa abin zai ragu da kansa. In kuwa ya daina cin abinci, ko fitsarin kwance ya dawo, ko firgitar dare ta ƙi ƙarewa makonni, ko yana cewa yana so ya bi shi, a kai shi wurin likita.

Tambaya: Ni ma'aikaciyar lafiya ce a wani ƙauye kusa da Argungu. Muna son fosta kan tamowa da ƙyanda. Wani ya ce mu sa hoton yaro ƙashi da fata don a ji tsoro.

Amsa: Malama, kada ku sa. A 1993 Kevin Carter ya ɗauki hoton wani yaro da yunwa ta durƙusar a kudancin Sudan, ungulu na tsaye a bayansa. Hoton ya zaga duniya, ya ci babbar kyauta a 1994, kuma har yau ana muhawara a kan haƙƙin yaron da ba a tambayi kowa nasa ba. Irin wannan hoto na motsa mutumin nesa ya ba da taimako. Uwar da ke ƙauyenku kuwa za ta dubi ɗanta ta ce ai nawa bai kai haka ba, ta koma gida, alhali lokacin da kuke so ta zo ke nan.

A nan alama ba ta da wuri, abin da ake so shi ne ido ya koyi gane ciwo da wuri. Ku zana gaɓa, ba yaro duka ba. Damtse da tef ɗin awo a tsakiyarsa, tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu, sau uku: kore daga santimita 12.5 zuwa sama, rawaya tsakanin 11.5 da 12.5, ja ƙasa da 11.5, ga yara 'yan wata 6 zuwa shekara 5. Kibiyar zuwa asibiti ta fara tun daga rawaya. Ƙafafu biyu, babban yatsa na danna bayan kowace na daƙiƙa uku, sai hoto na biyu ramin ya zauna bai ciko ba. Wannan kumburi ne na tamowa mai tsanani, ko da yaron ya yi kama da mai ƙiba. Maɗiga da ta faɗa ciki ga jariri mai gudawa, ku zana kan daga gefe don ramin ya fito.

Ƙyanda ita ce aka fi ɓatawa, domin ana kwafo ta daga littattafan Turai da jajayen ɗigo. A baƙar fata ƙurajen ba ja suke fitowa ba. Ku zana su ƙanana, masu ɗan tudu, sun ɗan fi fatar duhu, sun fara daga bayan kunne da goshi suna gangarowa wuya da ƙirji, tare da jan ido da majina. Ƙarancin jini kuma a tafin hannu da cikin fatar ido ta ƙasa ake nuna shi, ku jera na mai lafiya da na marar lafiya don a ga bambanci.

In dole sai an duba hoton yaro na gaske, ku nemi izinin iyaye bayan kun faɗa musu inda fostar za ta rataya da tsawon lokacin, kuma ku tabbatar sun san ƙin yarda ba zai taɓa maganin ɗansu ba. Mai zanen ya canja fuska, ya cire tsaga da laya da atamfar da za a gane gidan da ita. Ku buga gwaji ɗaya tukuna ku duba shi a hasken ɗakin awo, domin injin buga takarda kan duhunta launin fata har ƙuraje da ramin ƙafa su ɓace. In hakan ta faru, a haskaka fatar kaɗan a ƙara kaurin layin kafin a buga sauran.